Alli da Allo: Haya Wata Goma Sha Biyu, Darasi Wata Tara



Akwai wata tambaya da ta daɗe tana zuwar mana daga 'yan'uwa na Kano da Yola da Mubi da Maiduguri, wani lokaci ta waya, wani lokaci ta bakin fataken da ke sauka a nan Briqueterie. Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum. Ga yaro ya gama kwalejin horon malamai, ko ma ya yi digiri har da bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, naira kuma tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ba ta sake zama yadda aka san ta ba. An ce masa a Yawunde Ingilishi kuɗi ne, kuma sefa ba ta wasa, tun da yake a ɗaure take da yuro. Saboda haka a taimaka a sama masa ɗaki a unguwar Hausawa, shi kuwa da ya iso zai riƙa koyar da 'ya'yan mutane na 'yan sa'o'i yana biyan haya, har ya aika wa gyatuma da ɗan abin cefane.

Tun da tambayar ta yi yawa, muka ga ya kamata mu amsa ta a nan gaba ɗaya, domin wanda zai zo ya karanta, wanda za a saukar wa baƙo shi ma ya karanta. Ba mu ce kada kowa ya zo ba, ƙasar Allah da faɗi take, iyayenmu ma da ƙafa suka iso nan. Abin da muke cewa shi ne lissafin da ake yi daga can a juye yake. Ana fara neman ɗaki sa'an nan a nemi aiki, alhali kuwa mai gida yana karɓar kuɗinsa tun kafin a shiga, wata goma sha biyu a shekara ba fashi, shi kuwa darasi ana biyansa bayan an yi, kuma in an yi sa'a ƙwarai wata tara ake samunsa.

Da farko dai labarin da aka ba yaron ba ƙarya ba ne. Lalle ana neman Ingilishi a garin nan. Tun ranar 1 ga Oktoba 1961, da Kudancin Kamaru ta Ingila ta haɗe da Jamhuriyar Kamaru bayan ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu na wannan shekara, ƙasar take da harsunan hukuma biyu. Mutanen Mubi sun fi kowa sanin wannan tarihi, domin a ƙuri'ar nan ce yankinsu ya zaɓi Najeriya. Dokar ilimi ta 1998 ta tabbatar da tsarin karatu biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kowane da jarrabawarsa. Ɗan makarantar Faransanci ba ya tsallake BEPC ko Probatoire ko Baccalauréat ba tare da ya zauna wa takardar Ingilishi ba. Kamaru ta shiga ƙungiyar Commonwealth a 1995, a 2017 aka kafa hukumar raya harsunan biyu, a watan Disamba na 2019 kuma aka yi doka musamman a kan harsunan hukuma. Ban da wannan, iyaye da yawa waɗanda ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba su ji sun daɗe suna kai 'ya'yansu makarantun Ingilishi tun daga nazare, da tunanin cewa yaro zai tsinci Faransanci a titi kyauta. Irin waɗannan iyaye in yaro ya dawo da aikin gida sai a rasa mai duba masa, dole a nemi malami. To wannan ita ce kasuwar da ake ba da labari.

Abin da ba a faɗa wa yaron ba shi ne kasuwar tana da masu ita. Yankuna biyu daga cikin goma na ƙasar nan, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, da Ingilishi suke karatu, suna da kwalejojin horon malamai irin na Bambili, kuma hukumar jarrabawar GCE da aka kafa a 1993 a Buea take. Duk wanda ya bi ta Obili ko Melen ko Biyem-Assi ko Etoug-Ebe ya san ba a rasa mai jin Ingilishi a Yawunde ba. Daga ƙarshen 2016, lokacin da yajin aikin lauyoyi da malamai ya rikiɗe ya zama rikicin da kowa ya sani, an rufe makarantu da yawa a yankunan biyu, malamai da ɗalibai masu ɗimbin yawa suka kwararo Yawunde da Duwala. Waɗannan 'yan ƙasa ne, ba a tambayarsu takardar zama, sun san manhajar GCE tun suna ɗalibai, kuma halin da suka shiga ya sa suna karɓar abin da a da ba za su karɓa ba. Ga kuma ɗaliban jami'ar Ngoa-Ekelle da na Soa, waɗanda darasin gida shi ne abincinsu. Ga cibiyar koyar da harsuna ta gwamnati, inda ma'aikata da masu hali suke zuwa. Baƙon da ya sauko daga jirgin ƙasa na Ngaundere da takardar NCE a jaka, cikin waɗannan zai kutsa ya nemi gurbi.

Aikin da ake samu iri uku ne, kuma ya kamata a san halin kowane.

Akwai na makarantun kuɗi, inda ake ɗaukar malamin sa'a, wanda a nan muke kira bakatar. Ba shi da albashi, sa'o'in da ya tsaya gaban allo ake ƙirgawa a biya shi. Ranar hutu ba kuɗi, ranar da ya kwanta zazzaɓi ba kuɗi, hutun Kirsimeti da na Ista ba kuɗi. Ana rabon sa'o'in nan ne a watan Agusta zuwa farkon Satumba, kafin a buɗe makarantu, wanda ya iso a Nuwamba ko Janairu sai dai ya jira wani ya gudu. Kuma mu da muka daɗe cikin sana'ar mun san yadda al'amarin yake tafiya: daga Satumba zuwa Disamba, lokacin da iyaye ke biyan kuɗin makaranta, ana biyan malamai a kan kari. Daga Maris in asusu ya fara bushewa sai a shiga "dawo jibi". Mun san wata makaranta, ba za mu kama suna ba, wadda ta riƙe wa malamanta na sa'a kuɗin wata biyu na ƙarshen shekara, ta ce sai an dawo hutu, domin ta tabbata za su dawo. Ɗan ƙasa yana iya kai ƙara wurin sufeton ƙwadago. Baƙon da ba shi da takarda sai dai ya kai ƙara wurin Allah.

Sai darasin gida, repetisiyo. Shi ne ya fi sauƙin samu, shi ne kuma ya fi saurin kuɓucewa. Ba takarda, ba shaida, magana ce ta baki tsakaninka da uban yaro. Yakan yi zafi daga Janairu zuwa Mayu, lokacin da jarrabawa ta matso iyaye suka tsorata. Da an ajiye alƙalami a watan Yuni shi ke nan, Yuli da Agusta yara sun tafi ƙauye ko sun shiga taya iyaye kasuwa. Gidajen da suke biya da kyau kuma ba a Briqueterie suke ba, suna Bastos da makamantanta, kuma ba sa buɗe ƙofa ga wanda ba wani ne ya kawo shi ba. Sa'an nan a tuna da kuɗin mota. Kuɗin taksi na rana ya tashi daga 250 zuwa 300 a 2023, ya koma 350 a 2024. A lissafin 350, wanda zai je gida ɗaya ya dawo kwana 22 a wata, ko da mota ɗaya ce take kai shi, ya kashe faran 15,400 kafin a ba shi ko sisi. Garin kuwa tuddai ne, ba a cin sa da ƙafa kamar Kano, balle in ruwa ya sauko.

Na uku ajin dare na manya, wanda za mu dawo kansa, domin a ganinmu nan ne rabon baƙo yake.

Akwai kuma wani abu da masu zuwa suke rainawa, shi ne Faransanci. A nan in ka ce "Turanci" sai an tambaye ka wanne, domin biyu gare mu. Yaron aji uku na sakandare da ya kasa gane bambancin shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci a Ingilishi, ba ƙarin Ingilishi yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai kwatanta masa da abin da ya sani a nahawun Faransanci. Mu da aka horar a kwaleji, darasin farko da aka cusa mana shi ne a tashi daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. Malamin da ba ya jin harshen ɗalibinsa daga ina zai tashi? Ban da aji ma, da Faransanci za ka yi ciniki da shugaban makaranta, da shi za ka karanta takardar haya, da shi za ka amsa wa ɗan sanda. Wanda yake da niyyar zuwa baɗi, gara ya kashe watanni shida a Alliance Française ta Kano, ko ya sami wani ɗan Nijar a unguwarsu ya riƙa koya masa, da ya sayi sabuwar kwat. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu mu zo kan ɗaki, inda kuɗin yake mutuwa.

Wanda ya rubuto yana cewa a sama masa "fulat", bai san Briqueterie ba. Unguwa ce tsohuwa, ta sami sunanta daga wurin gasa tubali na zamanin Jamus, kuma ta cika ta batse tun ba yau ba, tsakanin Tsinga da Mokolo da Warda. Abin da ya fi yawa shi ne ɗaki guda a cikin gidan haya, banɗaki na kowa da kowa, famfo ɗaya a tsakar gida in akwai. Sama da shi sai situdiyo, watau ciki da falo da ɗan kicin da banɗaki. Gidan bene mai dakuna biyu ko uku, na 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata, malamin sa'a ba ya ko tambayar kuɗinsa. Abin da unguwar take da shi wanda babu a wani wuri shi ne masallaci a kusa, abinci irin na gida, naman da ba ka shakkar yankansa, da mutanen da za su san ka in ka kwanta ciwo. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo.

Ɗaki ba ya samuwa sai ta hannun dillali. Dillali yana karɓar kuɗin kai ka gani, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba, in kuma ciniki ya faɗa yakan nemi kwatankwacin hayar wata guda. Mai gida zai nemi abans na wata uku ko shida, wani ma shekara, sa'an nan ga kosiyon, watau kuɗin ajiya na ɓarna, wanda a bisa ƙa'ida ake mayarwa ranar tashi, amma mayar da shi sai an kai ruwa rana. Bari mu yi lissafi irin na aji. Mu ƙaddara, misali kawai, ɗaki na jaka 30 a wata, watau faran dubu 30. Abans na wata shida jaka 180. Kosiyon na wata biyu jaka 60. Dillali jaka 30. Jimla jaka 270, ba katifa, ba risho, ba bokiti. Mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka wa ma'aikatan kamfanoni a watan Maris na 2023 faran dubu 60 ne. Ke nan kafin mutum ya karɓi mabuɗi ya ajiye albashin wata huɗu da rabi na ƙaramin ma'aikaci, shi kuwa ko ɗalibi ɗaya bai samu ba tukuna.

Lissafin bai ƙare nan ba. Hayar shekara a wannan ɗaki jaka 360 ce. In aikin wata tara ne, to kowane wata na aiki sai ya ware jaka 40, ba 30 ba, domin ya rufe watannin hutu. In kuma aka riƙe masa kuɗin wata biyu kamar yadda muka faɗa a baya, sai ya zama wata bakwai ne suke ɗauke da goma sha biyu. Galibin waɗanda muka ga sun koma gida ba shiri, ba don sun kasa koyarwa ba ne. Abans ne ya ƙare a watan Maris ko Afrilu, daidai lokacin da makaranta ta fara jan ƙafa, mai gida kuma ya fara tsayuwa a bakin ƙofa da asuba.

A nan akwai dokar da ya kamata kowane ɗan haya ya sani, baƙo ko ɗan gari. Kundin hukunta laifuffuka na 2016, sashe na 322-1, ya mayar da cin kuɗin haya laifi. Wanda yake da yarjejeniyar haya mai rajista, aka bi shi hayar wata biyu, aka aika masa takardar gargaɗi, wata guda ya wuce bai biya ba kuma bai tashi ba, ana iya ɗaure shi wata shida zuwa shekara uku, ko tarar faran dubu 100 zuwa dubu 300, ko duka biyun. Gaskiya ne yawancin hayar unguwarmu ta baki ce, ba rajista, saboda haka dokar ba ta hawa kanta kai tsaye. Amma kada wannan ya sa wani ya yi murna, domin rashin takardar kaifi biyu gare shi: mai gidan da ba zai iya kai ka kotu da wannan sashe ba, shi ne kuma zai iya ƙara maka kuɗi ko ya musanta abans ɗin da ka ba shi, ba ka da abin nunawa. Ko a shafin littafin makaranta ne, a rubuta abin da aka bayar da watannin da ya rufe, mai gida ya sa hannu, dattawa biyu su shaida. Addininmu ma ya yi umarni da a rubuta bashi, ba rashin yarda ba ne. Kuma a tabbata wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai iko da gidan, domin gidajen gado suna da yawa, sai ka biya wa yau, gobe ƙane ya zo ya ce bai san zancen ba.

Kafin a biya a tambayi yadda ake raba kuɗin wuta da ruwa. Gidan da mita ɗaya ce ake raba wa kowa, malami mai kwan fitila ɗaya da cajin waya zai riƙa biya wa mai firiza da tela mai dutsen guga. A duba bango daga ƙasa, in akwai zanen laka to ruwa yana shiga, domin damina biyu ake yi a garin nan, kuma ɗakunan gangaren rafi suna da araha ne saboda dalili. A duba bangon waje kuma, in an ga jan gicciye na hukumar birni, alamar rusau ce. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Ntaba a 2008, zamanin Gilbert Tsimi Evouna, ba sa buƙatar ƙarin bayani, kuma ba a taɓa jin katafila ta mayar wa ɗan haya da abans ba.

Sai maganar takardu, wadda 'yan'uwanmu suka fi ƙin ji. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin ƙungiyar Afirka ta Tsakiya, har sefar ma ba ɗaya ba ce da ta Nijar ko Kwatano, ko da yake darajarsu ɗaya, mai shago ba zai karɓi waccan ba. Ɗan Najeriya yana shiga ba biza na kwana 90, amma wannan izinin ziyara ne. Wanda zai zauna sai ya nemi katin zama, kart-de-sejur, daga hukumar 'yan sanda, kamar yadda dokar baƙi ta watan Janairu 1997 ta tanada. Dokar ƙwadago ta 1992 kuma ta ce kwantiragin baƙo ba ya aiki sai minista ya sa masa hannu. Takardar shaidar karatu ta waje ita ma akwai hanyar daidaita ta a ma'aikatar ilimi mai zurfi. Makarantar da ta ɗauke ka ba tare da ta tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kada ka ɗauka kirki ta yi maka, ta san abin da ta saya. Dattawan da suka yi zaman garin nan a shekarun rikicin Bakassi, kafin kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, za su ba ka labarin abin da rashin kati yake jawowa a shingen bincike. Yau an samu sauƙi, amma shingen bai tashi ba.

Za a sami wanda zai raɗa maka cewa tun da kai Bahaushe ne ko Bafulatani, kuma akwai irinka 'yan ƙasa a Garwa da Marwa, ai sai a "gyara" maka katin ɗan ƙasa kawai. Muna roƙonka da girman Allah ka toshe kunne. Laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma duk lokacin da aka kama irin wannan, 'ya'yanmu da aka haifa a nan, kakanninsu ma a nan, su ne ake tsarewa da tambayoyi in sun je yin nasu katin na halal.

To mene ne abin yi? Iyayenmu sun riga sun warware wannan tun kafin a san dillalin haya. Bafatake ba ya isa zango ya kama ɗaki, wurin maigida yake sauka. Maigida ya ba shi wurin kwana a zaure ko ɗakin baƙi, ya tsaya masa, ya haɗa shi da masu saye, in ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. Haka aka yi a Sabo ta Ibadan, haka a zangon Kumasi, haka a nan. Malami ma bafatake ne, hajarsa ce kawai ba a ɗaurawa a ka. Ya iso a farkon Agusta, ya sauka wurin wanda ya san iyayensa, ya ajiye kuɗin abans ɗin nan a hannun amintacce kada ya taɓa, ya zaga makarantu da takardunsa. In Oktoba ta yi ya ga abin da yake shigowa a zahiri, ba abin da aka yi masa alkawari ba, sai ya nemi ɗaki daidai da shi, kusa da inda aikin yake, in da hali su haɗa kuɗi su biyu. In kuwa kwana 90 sun kusa cika ba abin da ya kama, kuɗin motarsa na komawa yana nan, mutuncinsa ma yana nan. Sai dai baƙo shi ma ya san zaure ba gado ba ne. Ya sa hannu a cefane ko da kaɗan, ya duba wa yaran gidan aikin makaranta da dare, ya kuma faɗi ranar tashinsa tun ranar saukarsa. Gidajen yanzu ba su da faɗin na da, masu gidan ma ba su da faɗin aljihun na da.

Mu koma kan ajin dare da muka ajiye. Abin da baƙon nan yake da shi wanda malamin Bamenda ba shi da shi, ba Ingilishi ba ne, Hausa ce. A unguwar nan akwai 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Guangzhou da Legas sarin kaya, waɗanda suke biyan tafinta ko su yi ciniki da kwakuleta. Ba sa neman nahawu, suna neman yadda za su tambayi farashi, su karanta takardar kaya, su cika fam a filin jirgi, su rubuta saƙo a WhatsApp ba tare da sun kira ɗansu ba. Da yawansu karatun allo suka yi, Faransancinsu na kasuwa ne, ba za su je su zauna a benci ɗaya da yara ba, amma za su zauna bayan sallar isha'i a shagon ɗaya daga cikinsu, a yi musu bayani da harshen da suka sha a nono. Akwai matan aure da 'ya'yansu suke makarantar Ingilishi, suna so su gane abin da aka rubuto a katin sakamako, waɗannan sai malama mace, kuma ba mu ga masu yi da yawa ba. Akwai makarantun Faranko-Arab da na Islamiyya, inda wanda ya haɗa Ingilishi da ɗan Larabci yake da daraja. Kasuwa ba ta hutun Yuli da Agusta, saboda haka irin wannan aji shi ne zai iya cike watanni ukun nan da babu komai. Yana da nasa lokacin ja baya, watan azumi da lokacin aikin hajji, wannan kuma an san da shi tun da wuri. Sharaɗi ɗaya ne: a karɓi kuɗin wata a farkon wata. Ɗan kasuwa ba ya jin haushin wannan, shi ma haka yake yi wa wanda bai sani ba.

Wasu daga cikin masu tambayar sun ce Yawunde zango ne kawai, burinsu Sin ko Koriya. Su sani Koriya ta Kudu ta keɓe bizar malaman Ingilishi galibi ga masu fasfon ƙasashe bakwai, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta nahiyarmu a ciki, Sin kuwa tun watan Yuli na 2021 ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki. Wanda yake da ƙwarewa kuma yake son koyarwa a waje da rufin asiri, ya bincika shirin Technical Aid Corps da Najeriya ta kafa a 1987, wanda yake tura ƙwararru na shekara biyu, gwamnatin Najeriya ta biya alawus, ƙasar da aka je ta ba da masauki. Gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, amma aƙalla babu dillali a ciki.

Magana ta ƙarshe ga mutanenmu na nan, iyayen yara. Wasunmu za su yi cinikin shadda na jaka 100 ba su ƙifta ido ba, amma malamin da yake zuwa gida sau uku a mako sai ya yi sallama sau huɗu kafin a ba shi haƙƙinsa, wani lokaci ma a ce Alhaji ya yi tafiya. Shi kuwa kunya ta hana shi tambaya, domin sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. Ranar biyar ga wata mai gidansa yake zuwa. In an san za a yi tafiya, a bar kuɗin a hannun uwargida.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba batun takardar haihuwa ta yaran da za su zauna jarrabawar CEP.